Ƙyallin Hawainiya a Goshin Mai Takaba

Ku 'yan matan nan da kuke zuwa mini da waya a hannu, kuna nuna mini wata baturiya tana zuba gari a cikin mai tana juyawa da tsinke, kafin ƙiftawar ido ta shafa a leɓe ta yi murmushi, sai ku ce, "Adda Jummai, ashe abin ba wuya," to ku samu wuri ku zauna. Ni da na yi furfura a wannan sana'a a unguwar Rumde Ajiya ta Garwa, har yau ban gama gane garin ƙyallin nan ba. Ina haɗa shi, ina sayar da shi, da shi na aurar da 'ya'ya, amma in kuka tsare ni kuka ce in yi muku bayanin yadda yake aikinsa, sai dai mu yi ta kallon juna.

Aikin farko da aka ba ni niƙan kwalli ne. Goggo Ladi, ƙanwar babana, ita ta koya mini. Kakanninmu fatake ne da suka zo Garwa daga Kano, maza suka riƙe goro da yadi, mata suka riƙe kwalli da turare. Kayan aikin Goggo ba su da yawa: ɗan dutsen niƙa baƙi mai santsi wanda ba a taɓa ɗora masa hatsi ba, da ɗansa, da ƙyallen tata, da tandunan fata da ake ɗura kwallin. Sai in durƙusa tun safe ina niƙa har kafaɗa ta sage, in kai mata. Ta laƙata da yatsa, ta sa tsakanin haƙoranta na gaba. In ta ji ƙaras ko sau ɗaya, sai ta tofar ta ce, "Idon wa za ki tsiyaye da wannan tsakuwar? Koma." Abin da ya zauna mini a kai ke nan tun ina yarinya, cewa kaya mai kyau shi ne wanda ya niƙu.

Daga baya na ƙara da jan baki da man shafawa. Kakin zuma daga Ngaundere yake zuwa mini, man kaɗanya kuma daga wurin matan Poli. Ba a ɗora su kan wuta kai tsaye, sai an sa kwano a cikin tukunyar ruwan zafi, in ba haka ba su ƙone su yi ɗaci. Wannan duk na iya shi ido rufe. Ina zaman lafiyata da sana'ata har ranar da wani ɗan baffana mai zuwa Duwala saro kaya ya kawo mini tsaraba, wata 'yar leda da ba ta kai tafin hannu ba, da wani gari fari-fari a ciki. Ya ce sunansa mika, daga ƙasar Sin ake kawo shi, wai ɓawon wani dutse ne. Ya laƙata ya goga a bayan hannunsa, ya fita rana. Na ga kore. Ya juya hannun, na ga shunayya, kamar wuyan tantabara. Na ce ya sake, ya sake. Matan gidanmu suka raɗa wa garin suna hawainiya a ranar, sunan kuma ya bi shi.

Goggo ta karɓi ledar ta murza garin a yatsa, ta ce, "Kyau kam yana da shi, amma bai niƙu ba." Ni ma na yarda da ita. Muka zuba rabi a kan dutse, na durƙusa na ba shi haƙƙinsa yadda aka koya mini. Da na ɗago, babu kore babu shunayya, sai toka. Toka zalla, irin ta murhu. Goggo ta ce, "An cuci yaron nan, rini aka yi wa toka." Amma ga ragowar rabin a leda yana ta wasansa. Ashe shi wannan gari niƙa ce ajalinsa. Ƙananan ɓawo ne shimfiɗaɗɗu, in ka farfasa su ka kashe shi. Duk abin da na sha duka a kansa ina yarinya, a nan ya zama ɓarna. Sai dai a zuba shi a mai bayan an sauke, a juya a hankali kamar ana lallashinsa.

Abu na biyu da na gano ya fi ɗaure mini kai. Garin nan baƙi yake so. In na haɗa shi da baƙin kwalli, ko na shafa shi a baƙar fata, sai ya tashi kamar an kunna fitila. In na zuba shi a farin mai, sai ya ɓace ɓat, ka rantse ba a sa komai ba. A fatar farar mace ma da ƙyar ake ganinsa. Kuma a ɗaki ba ya magana, sai rana ta doke shi ta gefe. Wani malamin lise, wato sakandare, mijin wata mai sayen kayana, ya taɓa zaunar da ni ya ce ai garin ba shi da launi ko kaɗan, haske ne yake shiga ya karye ya dawo. Na ce, "To, Malam, in ba shi da launi, me nake sayarwa?" Ya sake bayani daga farko. Na ce masa na gane don ya sarara mini.

Ba kowane ne na jiki ba kuma, wannan ku riƙe. Akwai na farce, akwai na fentin mota, a ido duk ɗaya suke. Sabon kaya in ya zo, a cikin gwiwar hannuna nake fara shafa shi in yini da shi, in bai yi ƙaiƙayi ba sannan ya kusanci idon 'yar mutane. Ga shi da tashi. Ka buɗe leda kusa da taga, ya bi iska ya sauka inda ya ga dama. Maigidana ya taɓa zuwa masallacin Juma'a da koren gemu, abokansa suka yi ta tambayarsa ko sabon lalle ne ya shigo gari. Ya dawo ya yi mini iyaka da rumfar bayan gida.

Masu saye kuwa, Allah ya ba ku haƙurinsu. Wata uwar amarya daga Gider ta zo da ƙyallen ankonsu kore, ta ce in haɗa wa ƙawaye na ido daidai da shi. Na haɗa, muka gwada a ƙofar gida, ta ce ya yi. Bayan biki ta bugo waya tana faɗa, wai a hotuna rabin 'yan matan idonsu kore ne, rabi shunayya, kamar gida biyu aka gayyato. Na ce mata kwano ɗaya na haɗa. Ta ce to hoton ne ya yi ƙarya? Na ce a'a. Ta ce ni ce na yi ƙarya? Na ce a'a. Can sai ta ce in haɗa mata wani na bikin ƙanwar.

Shekarar da ta fi ba ni wuya ita ce ta zafin nan da tsofaffi suka ce ba su taɓa ganin irinsa ba. Kun dai san bazarar Garwa, to wannan ta wuce misali. Wuta ba ta zama, firij ɗin maƙwabta da nake ajiya a ciki ya zama akwati. Jan baki ya riƙa narkewa a cikin robobinsa, in na buɗe da safe in tarar da miya. Na ƙara kaki, ya yi tauri ya ƙi shafuwa. Na rage, ya zube. Da na gaji sai na ajiye jan baki na koma abin da zafi ba ya ɓata wa sura, wato man ƙyalli: man kaɗanya da hawainiya a ciki, amare su shafa a wuya da kafaɗa. Ba na sa masa turare sai mai saye ta zaɓi nata. A gefe kuma ina da man kaɗanya zalla wanda ba a sa masa komai, na jarirai da masu takaba. Na zuba kowanne a langarsa, na binne gindinsu a jiƙaƙƙen yashi ƙarƙashin randa don su yi sanyi. Langa biyu, mai fari a nan, mai fari a can. Ni na san ta dama ce ta amare.

A lokacin Goggo ta tsufa, ta daina niƙa, amma ba ta daina ciniki ba. In na fita kasuwa ita ke zama bakin rumfa. Kuma Goggo tana da doka ɗaya da ba ta karyawa: ba wanda zai sayi abu a hannunta ya tafi babu gyara. Ko na sisi ka saya sai ta ƙara maka ɗan wani abu a kai. In kuwa an ce na mai jego ne ko na mai takaba, to gyaran ya kusa fin cinikin, don ita a wurinta sadaka ce.

A cikin wannan zafin wani mahauci a unguwarmu, Sale, ya kwanta ciwo na ɗan lokaci ya rasu. Ya bar mata ɗaya, Asta, mutuniyar Poli, baƙa siririya marar yawan magana, da yara uku ƙanana. Ta shiga takaba a ɗakinta a babban gidansu na mahauta. Kun san dai dokar: ba kwalli, ba lalle, ba turare, ba tufa mai ado, sai dai mai zalla in fata ta tsage. Na je gaisuwa kamar kowa na dawo na ci gaba da fama da kayana.

Wata rana da hantsi maƙwabciyar Asta, Mairama, ta shigo sayen kwalli, ta zauna tana fifita da gefen mayafi. Ta ce, "Adda Jummai, kin ji abin da ake ciki a gidan mahauta? Kay, abin ba daɗin ji. Wai Asta kwalliya take yi a cikin takaba."

Na ce, "Asta? Wadda ko da mijinta yana raye sai an yi da gaske take sa kwalli?"

Ta ce, "Wallahi. Hajiya Dudu, yayar marigayin, ita ta fara gani. Asta ta fito za ta zagaya bayan gida, rana ta haske mata goshi, sai ga abu yana walƙiya. Yanzu gidan ya rabu. Hajiya ta rantse shunayya ta gani. Matar da ke ɗaki na kusa ta ce kore ne. Ni na shiga ɗakin na zauna da ita, na ƙura mata ido, ban ga komai ba. An zazzage kayanta kaf, ba hoda ba kwalli. Wasu na cewa ɓoyewa take yi, wasu na cewa iska ne suka taɓa ta. Hajiya kuwa cewa ta yi akwai wani dillalin shanu da ake yi wa adon."

Tun daga inda ta ce wata ta ga kore wata ta ga shunayya na fara zargin kayana. Na ce, "To yanzu me za a yi?"

Ta ce, "Yau bayan la'asar Alhaji Garba, babban wansu, zai yanke magana. Hajiya so take da an fita takaba a mayar da ita Poli ita kaɗai, yaran su zauna hannunta. Wai ba a barin marayu wurin uwar da ta kasa jiran ƙasar kabarin mijinta ta bushe."

Na tambaye ta wane mai Asta take shafawa. Ta ce ai ita da kanta ta zo nan ta saya mata, ranar ba na nan, Goggo ce ta ba ta. Na juya wurin Goggo da ke gyangyaɗi a kan tabarma, na ce, "Goggo, man da kika ba Mairama na mai takaba, daga wace langa kika ɗiba?"

Ta ce, "Daga ta zalla mana. Kin mayar da ni yarinya?"

"Gyaran fa?"

"Gyaran daga farar. Waccan ta kusa ƙarewa, na ga ɗayar a cike."

Na ce, "Goggo, duk biyun farare ne!"

Ta ce, "To shi ya sa. Mai dai mai ne. Na shinshina, ba turare." Har Allah ya karɓi ranta Goggo ba ta yarda akwai wani abu a cikin langar nan ba, kuma ni ban taɓa iya nuna mata shi a cikin langar ba.

Na ɗauki mayafi na bi Mairama. Muka tarar da tsakar gidan cike da mata, kowa ta sami inuwa ta rakuɓe, ana jiran la'asar. Hajiya Dudu na kan kujera 'yar tsugunne, mace fara ƙaƙƙarfa, ita ta ɗauko hasken uwarsu Bafulatana. Na durƙusa na gaishe ta, na yi mata ƙarin gaisuwar rashi, sannan na ce ina roƙon a ɗauko mini robar man Asta. Aka ɗauko. Na ce, "Hajiya, abin da kika gani a goshin yarinyar nan daga nan ya fito. Kayana ne na amare suka gauraya da nata, ita ba ta sani ba."

Hajiya ta buɗe robar, ta duba, ta karkata ta wajen rana, ta shinshina. Ta ce, "Jummai, wannan ai man kaɗanya ne. Nawa ta ba ki ki zo ki faɗi haka?"

Na haɗiye wannan. Na ce ta ba ni hannunta. Na laƙata na shafa mata a damtse, na ja ta cikin rana. Sai da na shafa na tuna da launin fatarta. Mata suka taso suka kewaye mu, aka yi ta leƙe. Damtsen Hajiya ya yi sheƙin mai kawai, kamar na kowa. Ta ce, "To? Ina walƙiyar?"

Na ce, "Ke fara ce, Hajiya, ba ya kama farar fata."

Ta ce, "Oho. Mai ne mai zaɓen mutane."

Aka yi dariya. Na shafa a bayan hannuna na ɗaga, ya tashi kore shar. Na ce ga shi nan. Hajiya ta kamo ɗaya hannun nawa da ban shafa wa komai ba, ta ɗaga shi sama, shi ma yana ƙyalli, har gefen zanena. Ta ce, "Ke da kike kwana ki tashi a cikinsa? Ke ai ko tari kika yi sai ya yi walƙiya." Gaskiya kuwa ta faɗa.

Mairama ta miƙo nata hannun, ita baƙa ce kuma ba ta taɓa hawainiyar ba. Na shafa mata. Ina ɗagowa sai inuwa ta rufe gidan. Wata da watanni muna roƙon hadari bai zo ba, sai a wannan lokacin wani guntun gajimare ya ga damar tsayawa a kan rana. Muka tsaya cirko-cirko, hannun Mairama a sama, kowa na kallon sama. Wata tsohuwa ta ce, "Wai me muke jira ne?" Wata ta ce mata, "Rana." Zufa tana bin bayana, ina ta addu'a a zuci. Ni da kaina na fara shakka, na ce anya ma daga langar amaren Goggo ta ɗiba?

Da gajimaren ya wuce, hannun ya tashi. Matan da ke wajen rijiya suka ce, "La! Kore!" Na wajen madafa suka ce, "Wane irin kore? Shunayya dai!" Nan take suka manta da Asta suka kama musu tsakaninsu, wannan na cewa waccan ta je a duba mata ido a lopital, wato asibiti. Hajiya tana ɓangaren rijiya. Ta ɗaga hannu aka yi shiru, ta ce, "Na gani. Kore ne. Ni kuwa abin da na gani a goshinta shunayya ne, da idona, ba labari aka ba ni ba. Ke nan ba abu ɗaya ba ne. Wannan naki ne, wancan nata ne da ta ɓoye."

Na ce, "Hajiya, don Allah ki tako nan wajen madafa ki sake dubawa."

Ta ce, "Ba inda za ni. Rawa za ki sa ni a gidan ubana? Abu in kore ne, kore ne ko daga ina."

Wallahi ni ma kafin garin nan ya shigo hannuna haka na sani. Ga ɗakin Asta can a rufe da labule, na san tana jin komai.

Hayaniyar ce ta kai zaure, Alhaji Garba ya aiko a kira mu ni da Hajiya. Dattijo ne baƙi mai kauri, shi ya ɗauko ubansu, ya yi shekaru yana yanka a babbar kasuwa. Na durƙusa daga bakin ƙofa na faɗa masa duk abin da na sani, wanda ba shi da yawa. Ya karɓi robar, ya laƙata da babban yatsa, ya goga a bayan hannunsa kamar mai gwada kaifin wuƙa, ya taka zuwa ƙofar zaure inda rana ke shigowa. Ya juya hannun. Ya sake juyawa. Ya daɗe yana yi, har na fara tunanin ya manta da mu.

Can ya ce, "Ikon Allah. Wannan ai na san shi." Na ɗago kai. Ya ce, "In ka yanki cinyar sa ka gitta wuƙa, wani lokaci sai ka ga wani kore-kore yana ƙyalli a fuskar naman. Naman da aka yanka da asuba, jini bai gama tsanewa ba. Mata su dawo da shi su ce ruɓaɓɓe muka sayar musu. Ka karkata shi kaɗan, koren ya gudu. Sale ya sha zagi a kan wannan. Akwai ranar da wata ta jefe shi da naman a gaban mutane, ya dawo gida ko abinci bai ci ba." Sannan ya juya wurin Hajiya ya ce, "Dudu, wane launi kike gani?"

Ta ce, "Kore, Hamma."

Ya ce, "Zo nan ki tsaya inda nake kallo."

Wanta ne, ba ta da yadda za ta yi. Ta taka ta zagaya bayansa, ta leƙa ta saman kafaɗarsa. Na ga ta ja baya, ta koma inda take, ta sake dawowa. Ba ta faɗi abin da ta gani ba, kuma ba wanda ya tambaye ta. Sai da ta gyara mayafi sannan ta ce, "Ko ma mene ne, mace mai hankali ai ta lura da abin da take shafawa."

Alhaji ya ce, "Matar Sale tana ɗakinta, 'ya'yanta suna hannunta. Ranar da ta fita takaba, in ta so zama gidanta ne. Kada in sake jin sunan wani dillali a gidan nan." Ya miƙo mini robar ya ce, "Ke kuma, Mai kwalli, ki raba langoginki."

Na ce to. Na koma ciki na nemi izini na ɗaga labulen Asta. Ɗakin duhu ne, taga a rufe, sai da idona ya saba na gan ta zaune a kan tabarma, autan yana barci a cinyarta. Na faɗa mata abin da Alhaji ya yanke. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Useko, Adda," wato na gode, ba ta ƙara ba. Da na matso kusa na ga fuskarta duk ta saɓule, goshin ya yi ja-ja, kumatun sun tsattsage. Na ce me ya same ta haka.

Ta ce, "Tun ranar da Hajiya ta ce akwai abu a fuskata nake wankewa. Da sabulun salo, da soso, har da toka. In na wanke sai ta ɗau raɗaɗi, sai in shafa man don ta huce. Gobe a ce abin ya ƙaru. In sake wankewa."

Ta ɗaga tafin hannunta ta duba, ta ce, "Da nan nake shafawa, ban taɓa ganin komai a kai ba. Madubi kuma na kife shi a ƙasan akwati tun ranar da aka fita da gawar maigidana. Kowa a gidan nan ya gani, ni ce kawai ban gani ba. Adda, wane launi ne?"

Na ce kore. Na ce a'a, shunayya. Na ce wani lokaci kore. Ta dube ni tana jira in tsaya a kan ɗaya, na kasa.

Na sa aka kawo ruwan ɗumi da man gyaɗa daga madafa. Na jiƙa gefen mayafina na riƙa goge mata fuskar a hankali, ina kaucewa inda ya tsage, goshi, kumatu, bayan kunne, har wuya. Ta rufe ido kamar yarinya. Da na gama ta buɗe ta ce, "Ya fita?"

Na duba, na karkata kai na sake dubawa. A cikin ɗakin nan ba yadda za a yi in sani, kuma ba zan ja ta cikin rana a gaban matan nan ba. Na ce mata ya fita.